Malam Sallau da Makullin Manhajar Gado

Ku da kuka san Malam Sallau Getso kun san ba ya yarda da komai sai mutum biyu sun tabbatar. Ko ce masa ka yi an yi ruwa a garin Jama'a, sai ya kalle ka ta saman tabarau ya ce, "Ban da kai, wa ya gani?" Ni Lurwanu, da ya koya wa lissafi a sakandare kafin in zama malami a Kabo, na sha wannan tambaya har na ƙoshi.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, maganar rabon gado ta cika kowane zaure. Malam ya riga ya yi ritaya, sai ya zauna da wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin niƙa, ya rubuta manhaja mai fitar da rabon kowane magaji. Ya sa ta a intanet kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya leƙa cikinta, wanda ya ga kuskure ya turo gyara. Muka haɗu mu tara muna aikin. Amma makullin, wato kalmar sirrin da ake shigar da gyara da ita, yana hannunsa shi kaɗai, kuma abin ya tsaya masa a rai. Kullum cewa yake, "In na faɗi yau, aikin nan ya bi ni kabari ke nan?" Ni yake so in karɓa, ni kuwa sai zillewa nake, don haƙƙin marayu ba abin wasa ba ne.

Dokarsa ita ce ba a shigar da gyara sai mutum biyu sun duba sun sa hannu, har gyaransa shi kansa. Ga tsimi! Ana cikin matsin rayuwa, to a bayan tsofaffin takardun jarrabawa yake buga komai. Ka juya gyaran gado ka tarar da wani ya ci uku bisa ɗari.

Wata rana ya yi gyara na sa hannu, saura Malama Rabi, wadda ita ce mai gwada manhajar kafin a fitar. Sai ga shi ta haihu. Na ce, "Malam, kai fa ka kafa dokar, ka shigar kawai mana." Ya ce, "Shi ya sa ba zan shigar ba." Ranar suna, ana raɗawa ana shafa fatiha, ya miƙa wa mijinta takardun ya ce a kai ciki. Mutumin ya ce, "Haba Malam, mai jego ce fa!" Malam ya ce, "Da hannu ta haihu?" Rabi kuma ba ta bar shi ba, ta aiko takardun da saƙo cewa ta ga kurakurai biyu, ya je ya gyara ya dawo ranar arba'in. Wallahi yana tuƙa kekensa yana dariya har Gwarzo.

Akwai wani Alhaji mai neman takara da ya ji sunan aikin ya fara tashi, ya zo da mota yana son a ba shi muƙami. Malam ya ce, "Akwai gurbi kuwa, Alhaji. Mai neman kuskure." Ya zaro masa mas'aloli ashirin na gado ya ce ya warware da hannu, ya gwada da abin da kwamfuta ta fitar. Alhaji ya ce, "Uban ƙungiya nake nufi." Malam ya ce, "Ai ba marainiya ba ce." Ba mu sake ganin motar ba.

Kowace shekara sai ya tara mu zaɓen shugaba a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa. Ya miƙe ya yi ta zayyana aibin kansa, shi tsoho ne, shi mai taurin kai ne. A kaɗa ƙuri'a, takwas nasa, ɗaya tawa. Ya daka mana tsawa, "Ragwaye! Ku takwas ba mai kunya?"

Da ya gaji da mu, sai ya sa Rabi ta sauya kalmar sirrin ba tare da ta gaya masa sabuwar ba, aka kawo mini ita Kabo a ambulan. Ya sanar da kowa cewa daga ranar shi ɗan sa-kai ne kamar kowa. Bayan mako biyu ya turo gyaransa na farko. Na duba, sai na ga kuskure. Ya ba matar mamaci ɗaya bisa huɗu alhali akwai 'ya'ya, ɗaya bisa takwas ya kamata. Kwana uku ina juya takardar, ina jin nauyin in ce malamina ya yi kure. Daga ƙarshe na rubuta "Ba a karɓa ba," na hau acaɓa na kai masa da kaina.

Ya kai takardar dab da hancinsa ya daɗe. Na yi dariyar yaƙe na ce, "Malam, gwada ni ka yi ko?"

Ya ce, "Wallahi ba gwaji ba ne. Sau uku na duba ban gani ba. Idon ya tafi, Lurwanu, tun bara." Ya riƙe hannuna ya ce, "Da ka sa hannu don jin kunyata, da an ci haƙƙin marayu da sunana. Yanzu kam hankalina ya kwanta."

Damina ɗaya ya ƙara a duniya. Ina kewarsa ƙwarai, kuma aikin yana nan yana tafiya. Allah Ya jiƙan Malam Sallau, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa duk marayan da aka ba haƙƙinsu daidai su zama masu yi masa shaida ranar gobe. Amin.