Manhajar da Take Jiran Mutumin Zurmi

A ofishinmu na Ƙaura Namoda kwamfuta huɗu ce, da babbar firinta mai fitar da taswira, da wata ’yar rauta da aka maƙale a bango, wayoyinta sun sauko zuwa kowane tebur. Aikinmu awon fili da zanen gida. Manomi ya zo daga Ɗan Isa yana son takardar iyakar gonarsa, ɗan kasuwa ya zo yana son a zana masa shaguna shida da bene, duk mu ne. Ni na fi kowa daɗewa bayan mai ofishin, wanda muke kira Injiniya, kuma ba na bari a manta da hakan.

Wata shekara, da kaka, manhajar da muke zane da ita ta soma yi mana wani iskanci. Ka danna ta da safe, hoton farko ya fito, shi ke nan ya tsaya cak. Sai ka sha shayinka, ka gaisa da maƙwabta, ka dawo, tana nan tana kallonka. Wanda ya kawo aiki yana zaune a benci, hularsa a gwiwa, kai kuma kana ta murza linzamin kwamfuta kamar murzawar za ta yi wani abu. Abin haushin, ba kullum ba ne. Wata ranar kafin ka gyara zama ta buɗe.

Ba abin da ban yi ba. Na hure ƙurar cikin injinan, na sabunta maganin ƙwayar cuta, na sa Injiniya ya sayo ƙarin ƙwaƙwalwa daga Gusau. Na goge manhajar baki ɗaya na sake ɗora ta, na maido da saitina da nake ajiye da shi a filashi, saitin da tun da daɗewa na bi teburan ofishin na zuba wa kowa don zanenmu ya riƙa fita iri ɗaya. Washegari ta koma gidan jiya. Rannan, cikin fushi, na fizge wayar da ta haɗa kwamfutata da rauta, na danna manhajar. Nan take ta buɗe. Na mayar da wayar, na rufe, na sake dannawa, ta tsaya. Na yi haka sau uku ina zaune ni kaɗai. Na ce a raina wani abu yana fita ta wayar nan.

Daga nan na soma sa alama a kalanda. Ban yi mako uku ba na ga abin da na ga. Duk Alhamis tana tsayawa, da wasu ranakun tsakiyar mako. Kuma duk ranar da ta tsaya, mutum ɗaya ne ba ya ofis.

Mutumin Zurmi ne, sa’ana a shekaru, ƙasa da ni a aiki. Shiru-shiru, ba ya zama wurin hira, kuma hannunsa a zane ya fi nawa, abin da ban taɓa faɗa da bakina ba sai yau. Da can ƙaramar kwamfutarsa ta hannu a ofis take kwana, a kunne, a jone. Da hanya ta lalace saboda ’yan bindiga, mutanen Shinkafi da na ƙauyukan Zurmi suka rage shigowa Ƙaura, sai Injiniya ya soma tura shi can, ranar kasuwar Shinkafi, wato Alhamis, da duk ranar da awo ya taso a Dauran ko Jangeru. Yakan saka kwamfutar a jaka ya tafi da ita.

Wanda bai zauna a yankinmu cikin waɗannan shekarun ba, ba zai gane abin da ya zo mini a rai ba. A cikin injinanmu akwai gidajen mutane: inda ƙofa take, tsawon katanga, ɗakin maigida, rumbu nawa ne a bayan gida. Akwai masu karɓar zanensu su naɗe shi cikin riga don kada a gani a hanya. Ga mutum yana bin hanyar da kowa ke tsoro, yana dawowa lafiya kowane mako, kuma duk ranar da ya tafi wani abu yana bin waya. Na haɗa wannan da wancan, na ji daɗin kaifin basirata.

Na soma kallonsa. In ya fita amsa waya, sai in ga ya cika nisa. In ya rufe kwamfutarsa zai je salla, sai in ce me yake ɓoyewa. Rannan ya kawo mana ƙuli-ƙuli daga gida, na ci, ina ci ina tunanin dalilinsa na kawowa.

Na samu Injiniya da kalandata. Ya duba alamomin.

“Kai dai ka cika zargi,” in ji shi. “Amma wanga zamani ba a wasa da irin wagga magana. Kak ka hwaɗa ma kowa.”

Na riga na faɗa. Da safiyar ranar, a teburin mai shayi na bakin layinmu, inda direbobin Shinkafi suke karyawa, wani ya tambaye ni me ya sa aikinsa ya yi jinkiri. Na ce injinmu ba lafiya. Da na tsaya nan da an wuce wurin. Sai na sassauta murya na ƙara da cewa abin mamaki, sai ranar da wane ya yi tafiya, kuma ta waya abin yake fita. Ban ce infoma ba. Na daɗe ina kare kaina da wannan, cewa kalmar ba daga bakina ta fito ba. Wani direba ne ya faɗe ta, ni kuma na kurɓi shayi ban musa ba.

Injiniya ya kira mutumin ya ce masa ya ɗan huta a gida har a gama wani bincike. Bai tambayi ko wane bincike ne ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe wayar cajinsa a hankali, ya saka a jaka, ya yi mana sallama. Daga ranar manhajar ba ta sake buɗewa da wuri ba, ko sau ɗaya. Ni kuwa na ce wa Injiniya ai ka gani, yanzu da ba ya nan kullum ɗiba yake yi.

Bayan kwana goma Injiniya ya ɗauko wata malama mai koyar da kwamfuta a babbar makarantar garin, dattijuwa mai gilashi, wadda ba ta da lokacin dogon bayani. Na soma jera mata hujjojina, ta ɗaga mini hannu. Ta zauna a kujerata, ta jira manhajar ta gama shan ƙamshinta, ta shiga wurin saiti, ta buɗe jerin wuraren da manhajar take leƙawa ta ɗauko kayan aikinta duk lokacin da aka tashe ta. A layi na biyu, ga sunan kwamfutar mutumin Zurmi ɓaro-ɓaro.

“To, ga ta nan,” in ji Injiniya, muryarsa ta yi ƙasa.

“Injiniya, kun juya maganar,” in ji malamar. “Ba kwamfutatai ka ɗibar komi nan ba. Naku ka zuwa biɗar abu wurinta. In sun ishe ta, su ɗauka su wuce. In ba ta nan, su tsaya suna jira, su sake nema, har su gaji. Shi na jinkirin.” Ta matso da gilashinta. “Kuma wanga layi nan anka rubuta shi, bisa wanga tebur. Wa ad da lambar sirrin injin ga?”

Ni kaɗai nake da ita. Na karanta ƙarshen layin, inda aka rubuta sunan jakar da ake nema: alamomin ƙauye. Nan take na gane ta.

Manhajar ta zo da alamomin ƙasar masu ita, ba ta san rumbu ba, ba ta san burtali ba, ba ta san kuka ko gawo da manomanmu suke kafa iyaka da su ba. Mutumin Zurmi ne ya zauna ya zana su ɗaya bayan ɗaya a kwamfutarsa, shekararsa ta farko, har manomin da bai iya karatu ba yakan ɗora yatsa a takarda ya ce ga rijiyata. Na so su. Amma a ce ni, babba a ofis, in roƙi sabon zuwa aikin hannunsa? Rannan ya fita sallar azahar ya bar kwamfutar a buɗe. Na buɗe jakar ga sauran injinan, na dawo teburina na nuna wa manhajata hanya. Daga baya na kwashe alamomin cikin zanena, na manta da hanyar, na kuma raba wa kowa saitin da take ciki.

Malamar ta goge layin a injina huɗun, manhajar ta buɗe kafin ta ɗauke hannu. Ina so in ce nan take na yi magana, amma ban yi ba. Na raka ta har bakin titi, na dawo na yi aiki, na yi la’asar, sannan na shiga wurin Injiniya na faɗa masa komai, har da teburin mai shayi. Bai yi faɗa ba. Ya ce in nemi mota.

Na iske mutumin a ƙofar gidansu a Zurmi yana gyara wa wani tsoho takardar gona da biro. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Na yi bayanina kaina a ƙasa, kunya kamar ta kashe ni.

“Rumbun nan da rijiya?” ya ce. “Don su na duk wanga abu? Malam, ai da ka ce man, da na zuba maka ga filashi tun rannan.”

Na ce Injiniya yana son ya dawo ranar Litinin. Ya girgiza kai. Ya ce makon da ya wuce ya je awo Dauran, mai gonar ya tare shi tun daga bakin hanya ya ce an fasa. Nasa surukin ma ya aiko yana tambayar ko gaskiya ne. Ya daina zuwa Shinkafi, domin a tasha in ya shiga mota hira takan mutu.

“Ni na yahe maka,” in ji shi. “Abu guda nika roƙo. Inda kah hwaɗi waccan, tai ka hwaɗi wagga.”

Washegari da safe na je teburin mai shayin. Mutum uku na tarar, ba direban nan a cikinsu. Na tsaya, na faɗi abin da na yi da muryar da kowa zai ji, har da girman kan da ya hana ni roƙo. Mai shayin ya ce Allah shi kyauta, ya tambaye ni ko a sa ƙwai. Na koma kwana uku a jere ina maimaitawa, har aka soma yi mini dariya.

Bai dawo ba. Ni aka koma turawa Shinkafi ranar kasuwa. Wata Alhamis, bayan kusan wata biyu, ina nuna wa wani dillalin hatsi zanen sitonsa, sai ya matso kusa da kunnena.

“An ce kun kama wani infoma cikin ofishinku kun kore shi. Kun yi dabara.”

Na ajiye takardar, na faɗa masa gaskiyar tun daga farko, na ce mutumin ba shi da laifin komai, ni ne mai laifin. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai.

“Ai dole ku ce haka,” ya ce, ya naɗe zanensa ya tura cikin riga.