Daga Mayo-Oulo zuwa Garoua da fulas ɗin kunun kanwa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Mayo-Oulo, ni da maiɗakina mai cikin wata bakwai, da yayata. Tun makonni baya ungozomar garinmu ta ce in kai maiɗakin nawa babban asibiti a Garoua, saboda wuyanta na kumbura, zuciyarta na bugawa da sauri, hannunta na rawa. Na ce zafi ne. Gaskiyar magana, kasuwa ce ban so bari ba.

Hanyar Guider ba ta da tausayi. Kowane rami sai direba ya gaisa da shi. An cusa mu a bayan mota da buhunan albasa, ƙafafun maiɗakina sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Duk sanda ta ce kanta na sarawa, sai in zuba mata kunun kanwa daga fulas, kamar yadda iyayenmu ke yi wa mai ciki. A Pitoa na sayi soyayyen kifi, tsadarsa kamar daga Makka aka kawo shi. Ba ta ci ba. Ta ce tana ganin taurari da rana tsaka.

A asibiti wata likita ta ɗaure mata hannu da abin awo, ta duba, ta sake dubawa.

"Malam, tansiyonta ya hau sosai. Me take sha?"

Na ɗaga fulas da alfahari, na ce kunun kanwa ne.

"Kanwa? Ga mai hawan jini? Kawo nan!"

Yayata ta ce, "Mu ma da shi muka haihu."

"Hajiya, ke ba ki da maƙoƙo."

Bayan gwajin jini likitar ta yi mana bayani: abin da ke wuyan nan yana aiki fiye da kima, kuma yakan taimaka wa jinin mai ciki ya hau, har ya kai ga jijjiga, a rasa uwa ko ɗa. Aka ba ta gado, aka ce ko an sallame ta kada ta bar Garoua sai ta sauka. Yayata ta zauna da ita, na nema musu masauki a unguwar Roumdé Adjia.

Na dawo ni kaɗai, jikina duk ciwo. Tafiyar ta nuna mini jinkirina da kununa sun kusa yi mata illar da ramukan hanya ba su yi ba. Mahaifiyata ta tare ni a ƙofa da sabuwar kanwa a ƙulle, ta ce in aika wa yarinyar. Na karɓa da hannu biyu, na wuce da ita garken awaki.