Waƙar da aka yi a bakin kabarin Baba

Babanmu ya rasu ana dab da girbin gero, kuma ba mu binne shi ba sai washegari da hantsi, saboda muna jiran yayata ta iso daga Zariya. Gidajen Kiristoci a ƙauyenmu kaɗan ne, duk dangi ne, kuma gonakinmu iyaka da iyaka suke da na Musulmi tun zamanin kakanni. Maƙwabta ne suka taya mu haƙa kabari a bayan gida. Cikinsu har da Malam, limamin unguwarmu kuma aminin Baba, wanda tun suna yara suka yi kiwon awaki tare. Da aka sauke akwatin gawa, matan zumunta na cocinmu suka ɗauko tulunansu na kiɗa suka fara waƙa. Ina kallo Malam ya ajiye shebur, ya karkaɗe rigarsa, ya tafi. Har aka tashi daga zaman makoki bai sake tako gidanmu ba.

Wanda bai san ƙauye ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Amma a unguwarmu idan mai gida ya rasu ya bar amfani a gona, Malam ne yake kiran gayya a girbe wa matarsa, kuma in bai yi magana ba, babu mai ɗaukar magirbi. Gero ya nuna, tsuntsaye sun fara sauka, ni kuma koyarwa nake a wata sakandare a Kano, hutun da aka ba ni ya kusa ƙarewa. Na ce wa Inna in babu mai taimaka mata bana, to baɗi ma babu, gara ta tattara ta biyo ni birni. Ta ce ba ta ga abin da zai raba ta da ɗakinta da kabarin mijinta ba. Sai ta ce in je wurin Malam, tunda ni na yi jami'a, in gaya masa ba wulaƙanta amininsa muka yi ba.

Ni mutum ne mai tsoron magana a kan addini. A makaranta na saba da tambayoyin: ko Allah uku muke bauta wa, ko yaya Bahaushe zai zama Kirista. Yawanci dariya nake yi in ce kowa da fahimtarsa, in sulale. Wannan karon babu wurin sulalewa.

Na same shi bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, yana zaune a kan buzu. Telan unguwa yana gefe, mutum mai tsokana wanda tun ina firamare yake kirana ɗan boko. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe su. Malam ya amsa a gajarce, ya yi mini gaisuwar rashi. Na fara da dogon zagaye, cewa wataƙila an sami rashin fahimta, cewa al'adu sun bambanta, cewa ban tabbata ba amma ina jin akwai abin da ya ɓata masa rai.

"Ɗana, bar kewaye-kewaye," in ji shi. "Kun bar shi ya kwana a ɗaki, na haƙura. Sannan kuka buga masa tulu kamar ana kai amarya. Mamaci addu'a yake buƙata."

Tela ya ce shi ma da ya ji kiɗan daga shago ya zaci gadon da Baba ya bar mana ne ya yi yawa.

Na ce kwanan don yayata ne, kuma na san a wurinsu jinkirta mamaci ba girmamawa ba ce. Waƙar kuwa, a iya sanina, ba Baba ake yi wa ba, Allah ake yi wa. Godiya ce, kuma tuni ne ga mu da muka rage cewa kabari ba nan ne ƙarshe ba. Malam ya ce wannan ai kowane Musulmi ya sani, akwai tashin ƙiyama, shi ya sa ma ake tsoro. Ya tambaye ni wa ya ba mu labarin cewa Baba ya tsira har muke murna, alhali shi da ya tsufa yana limanci bai san makomarsa ba.

A nan ne na ji bakina yana shirin faɗin abin da na saba faɗi, cewa duk ɗaya ne, hanya ce kawai ta bambanta. Na san in na faɗa za a yi murmushi a sallame ni, amma tambayarsa tana nan, kuma Baba da kansa ba zai faɗi haka ba.

"Baba Malam, ba don halinsa muke sa rai ba, ko da yake ka fi ni sanin halinsa. Mun gaskata Yesu Almasihu ya mutu saboda zunubanmu, ya kuma tashi, ya yi alkawarin ta da wanda ya dogara gare shi. A kan alkawarin nan Baba ya dogara. Shi muke rerawa."

Malam ya ce Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba a kashe shi ba, ɗauke shi aka yi. Na ce na san haka Alƙur'ani ya koyar, kuma a nan muka rabu, ba ni da yadda zan rage wannan tazarar ba tare da na yi wa ɗayanmu ƙarya ba. Tela ya ce to addininmu da sauƙi, wani ya biya, kai ka yi ta sheƙe ayarka. Na ce mai yiwuwa akwai masu ɗaukarsa haka, amma wanda aka yafe wa babban laifi, in yana da kunya, ba ya komawa gare shi da gangan. Na tambayi tela ko ya taɓa jin Baba ya ci iyakar gonar wani. Ya ce a'a, sai dai ya cinye wa mutum gyaɗa in ya zo hira.

Malam bai yi dariya ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya tambaya ko matan ne suka ga damar yin waƙar. Na ce Baba ne ya zaɓe ta da bakinsa tun yana kwance. Ya ce ranar ransa ya ɓaci, ƙarar tulu kawai ya ji, in rera masa ya ji. Ba ni da murya, kowa a gidanmu ya sani. Na rera baiti ɗaya ƙasa-ƙasa, ina kallon buzunsa, tela yana toshe baki.

"Wannan ce?" in ji Malam. "Ai ita yake yi in yana noma. Shekara da shekaru ina jin ta daga gonata. Na ɗauka waƙar manoma ce."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Can ya ce in tashi in tafi, magariba ta gabato, zai yi alwala. Na koma gida ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba, kuma haka na gaya wa Inna.

Ranar kasuwar Ɗambatta ta wuce babu labari. Washegarinta da sassafe muka ji muryoyi a gona. Mazan unguwa ne da magirbai, tela a cikinsu yana ƙorafin cewa hannunsa na allura ne. Inna ta aika a kira matan zumunta su taya ta dama kunu da dafa dambu. Malam ya zo da hantsi, ya tsaya a zaure ya yi mata gaisuwa. Bai ce Allah ya jiƙansa ba, kuma ban yi tsammanin zai ce ba. Ya ce Allah ya ba ta haƙuri, ya ce shi dai ya yi rashin maƙwabci.

Ban ce na shawo kansa a kan komai ba. Har yau in na je gida yakan ce yana roƙa mini shiriya, ni ma ina ce masa ina yi masa addu'a, sai ya ce to mu ga wanda za a riga amsa wa. Inna tana nan a ɗakinta. An cika mata rumbu a shekarar, kuma da damina ta zagayo, 'ya'yan Malam ne suka yi mata huɗa.