Na Iya, Na Ce Ban Iya Ba

Shin yaron nan ya san da gangan nake yi? Shekara biyu ke nan ina juya wannan tambaya, a bakin murhu, a kan shimfiɗa, har a cikin salla, Allah ya yafe mini, ban samu amsa ba. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyata, malamar Islamiyya, ta zauna ta rubuta abin da zan faɗa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Na ce mata kada ta gyara mini magana, in kuma kuka ya zo mini ta jira ni.

Jikana ne, ɗan ɗana na fari. Uwarsa ta rasu yana wata bakwai, ubansa ya sake aure ya koma Kumbotso da sana'arsa, aka bar mini shi. Sunan mijina aka sa masa, saboda haka bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Maigida nake ce masa, shi kuma ya ce mini Amarya, ya riƙa tsokanar kakansa wai ya tsufa, ya sakar masa ni.

A garinmu, nan gefen Bunkure, namiji a cikin ruwa yake neman abinci. Da rani ban ruwan tumatir, da damina dashen shinkafa, ƙafa a cikin taɓo tun safe. Shi kuwa da sikila aka haife shi. Ranar da ya bi sa'o'insa gona ya tsaya a ruwa, kwana huɗu muka yi yana kukan ƙashi. Tun daga nan kakansa ya ce wannan ba na gona ba ne, a bar shi da boko. Haka ya yi ta tafiya har ya shiga jami'a a Kano.

Hutunsa na farko na tambaye shi me ake koya musu.

"Gyaran waya ne?"

"A'a, Amarya."

"An ce mini zane ne."

"Akwai zane a ciki. Kin ga ƙofar ɗakin nan? Ba wanda ya taɓa koya miki inda za ki tura ta. To, mu ana koya mana yadda za mu tsara abin cikin waya da kwamfuta ya zama kamar ƙofa, mutum ya gani ya san inda zai taɓa."

Na ce, "Shekara huɗu a kan ƙofa? Ai da wajen kafinta na kai ka."

Kakansa ya yi dariya har ya ƙware. Ina jin ita ce dariyar ƙarshe da muka yi mu uku, don yaron yana shekara ta biyu a jami'a Allah ya yi wa tsohon rasuwa.

Da na fita takaba sai na ga girman gidan. Ɗaki huɗu, ni kaɗai da kaji. Sana'ata turara shinkafa ce: a jiƙa ta da ƙaiƙayinta, a ɗora a rabin duro ta sha tururi, a shanya, a kai inji. Aikin yana cin yini, amma ba ya magana. Sai in dafa abinci in rasa wanda zan ce wa gishiri ya ji ko bai ji ba. Yaron yana kira ranar Juma'a, minti kaɗan, ya ce suna da aiki. Ban ga laifinsa ba. Amma in ya kashe wayar, shirun da ke biyo baya ya fi na kafin ya kira nauyi.

A shekararsa ta ƙarshe, wata Asabar da hantsi, sai ga shi ba hutu ba, ba salla ba, da jaka a baya. Ya ce an ba kowannensu aikin kammalawa, shi kuma ya zaɓi ya yi wa mata irina abu a waya, mu da ba mu fita, ba mu karatu. Hotuna ne kawai. Ki taɓa wannan ya kira mai inji, wannan mai itace, wannan mai amalanken da zai ɗauki buhu. Amma malaminsu ya ce ba a yarda da abu sai an gwada shi a hannun wadda aka yi dominta.

"Wato ni ce akuyar gwaji," na ce.

"Ke ce alƙaliya."

Ya ba ni wayar, ya koma bayana ya zauna a kan turmi da littafi. Dokar ita ce ba zai yi magana ba, ba zai nuna mini komai ba. Ya ce, "Ki kira mai inji."

Da farko gilashin bai ma san na taɓa shi ba. Yatsuna sun yi kanta da zafin duro, kuma ni danna abu na sani, ba shafa ba. Da ya amsa, sai na ga wani ɗan hoto a ƙasa kamar duro da murfi. Na ce yauwa, ga aikina, na danna. Komai ya ɓace. Ashe kwandon shara ne nasu na 'yan birni. Na juyo na dube shi, yana ta rubutu, ko ɗaga kai bai yi ba. Raina ya ɓaci. Na ajiye masa wayarsa na ce ni dai jaka ce, ya nemi wata.

Ya ce, "Amarya, ba ke ake gwadawa ba, ni ake gwadawa. Duk inda kika ɓata, ni ne na ɓata."

Tun da nake ba a taɓa gaya mini irin wannan magana ba.

Bayan sati biyu ya dawo da gyara. Wannan karon ya sa alama biyu, kore da ja. Duk abin da ya ce in yi, sai in taɓa ja, sai abin ya tsaya. Da muka gama ya ce don Allah me ya sa.

Na ce, "Kai ɗan ina ne? Wa yake tsinkar koren tumatir? Kore ai jira ake, ja ne ya nuna."

Ya riƙe kai yana dariya. Zuwansa na gaba ya ce malaminsu ya rubuta maganata a allo, ajin duka suka yi ta muhawara a kai. Akwai kuma wani ɗan hoto mai tsinin kai da ya ce gida ne, na ce ban taɓa ganin gida haka ba sai dai rumbu, ya mayar da shi zaure. Ya jera hotunan daga hagu, ni kuwa komai da dama nake farawa, ya juya su.

Haka ya zama duk sati biyu yana zuwa. Asabar ya iso, Lahadi bayan azahar ya koma. Tun ranar Alhamis nake tsinkar zogale don dambun shinkafar da yake so. In share ɗakinsa, in shanya bargo. Maƙwabta suka fara cewa tsohuwa ta yi ƙiba.

A zuwa na biyar, kafin ya miƙo mini wayar, ya ce, "Yau in kika yi uku ba kuskure, na gama da ke. Sai rubutu da jarrabawa, ba za ki sake ganina ba sai bayan damina, ki huta da ni."

Na karɓa. Wallahi abin ya fito sarai, kamar tsakar gidana. Na kira mai amalanke. Na kira mai itace. Ya ce, "Saura mai inji." Ga injin nan ina gani, har da bel ɗinsa. Yatsana yana kansa. Sai na tuna yadda gidan yake yi ranar Litinin. Na matsar da yatsan na taɓa itace.

Na ji alƙalaminsa ya tsaya. Can ya ce, "Sake gwadawa." Na sake taɓa itace, na ce ni duk iri ɗaya nake ganinsu.

Ki rubuta wannan yadda na faɗa, malama, kada ki sassauta. Sau huɗu ya sake zuwa bayan wannan, kuma sau huɗu ina yi masa ƙarya. Wata rana in ce hoton ya yi ƙanƙanta, wata rana in ce injin ya yi kama da keken ɗinki. Ni na raine shi, na san abin da doguwar hanya take yi wa jikinsa: mota daga Kano zuwa Kura, sannan babur a kan hanyar da damina ta cinye. Na ga ya rame. Na ga farin idonsa ya fara yin rawaya, alamar da na sani tun yana goye. Duk daren Lahadi sai in ce zuwa na gaba zan yi daidai in sallame shi. In Asabar ta zo na ji sallamarsa a zaure, sai in ce to, na gaba.

Ga abin da ya hana ni sanin gaskiya. Wata rana na ji shi a waya da abokin karatunsa yana cewa kowa ya miƙa aikinsa sai shi, kuma muryarsa ba ta wasa ba ce. Wannan ya sa nake cewa bai sani ba, ya ɗauka da gaske aikinsa ne bai yi kyau ba, ya tafi da wannan a ransa. Amma kuma zuwansa biyu na ƙarshe ban ga abin da ya canja a wayar ba, ko ɗigo. Ya miƙo mini, na yi kuskurena, ya ce "To," ya tambaya ko dambu ya yi. Sannan ita wayar gwajin a wajena yake barinta, kuma in ba ya nan da ita nake kiran mai inji, tiryan-tiryan. Sai bayan rasuwarsa malamar nan ta gaya mini waya tana riƙe duk wanda aka kira. Ko ya duba? Yaron da aikinsa ke nan, zai rasa dubawa?

In ya sani, to shi ma zuwan yake so, ko kuwa tausayina ya ji ya rufa mini asiri. In bai sani ba, na cuci maraya. Kullum tsakanin waɗannan biyun nake kwana.

Ranar da ya koma ta ƙarshe ruwa ya kama su a kan babur kafin su kai Kura. Ya isa makaranta a jiƙe. Ranar Laraba ciwon ya tashi, abokansa suka kai shi asibiti, suka kira ubansa. Ni ba a gaya mini ba, wai kada hankalina ya tashi. Ranar Asabar, ina tsakar gida, sai na ga ɗana ya shigo da mutum biyu a bayansa, ba wanda ya iya duban idona. Gawar yaron suka kawo. A nan aka yi masa sutura, aka kai shi kusa da kakansa.

Abokansa sun kawo mini jakarsa. Littafin yana ciki, yana nan cikin akwatina a ƙarƙashin zannuwa. Malama ta ce in kawo ta karanta mini shafukan ƙarshe, wataƙila ya rubuta. Sau biyu ina ɗauko shi, sau biyu ina mayarwa. Ba yau ba.

Waccan Lahadin ta ƙarshe na raka shi har gadar babbar hanyar ruwa, inda masu babur suke tsayawa, abin da ban saba yi ba. Da niyyar in gaya masa na fito. Hadari ya haɗo daga gabas, shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, iska tana kwantar da ita. Muna tafe yana ba ni labarin wani ɗan ajinsu da ya yi wasan yara a kwamfuta, ban ji rabinsa ba, ina ta shirya maganar a bakina. Da muka isa na ce, "Maigida." Ya ce, "Na'am." Sai na ji kaina ina cewa ya bari hadarin ya wuce mana. Ya ce yana da aji da safe, kuma wannan hadarin na Kadawa ne, ba zai zo nan ba.

Ya hau babur, ya gyara jakarsa a gaba. Mai babur ya tayar. Ya juyo ya dube ni, yana wannan murmushin nasa na gefen baki wanda ban taɓa sanin ko tsokana ce ko gajiya ba, ya ce:

"Koma gida, Amarya, iskar nan da sanyi. Kada ki bari kowa ya koya miki kafin in dawo."