Ƙafar Barewar da Aka Ƙi Karɓa

Ranar Asabar ce a ƙarshen kaka, shekarar da na shiga aji biyar a makarantarmu ta Fort Washington. Ni da ƙanena Bitrus muna gaban gida muna share ganyen da itatuwa suka zubar, ina tarawa yana faɗawa ciki yana watsarwa, ina bin sa da tsintsiya, sai ga motar Kawu Ishaya ta shigo layinmu da baya-baya. Kawu Ishaya abokin Baba ne a coci, shi ke ɗaukar bidiyo a duk wani biki na 'yan gida. Baba ne ya fara dirowa, sanye da rigar nan ruwan lemo da doka ta ɗora wa maharba, takalmansa duk laka. A bayan motar kuwa, ga wata ƙatuwar barewa kwance, ƙahoninta sun yi rassa. Tun da muka zo ƙasar nan ban taɓa ganin haƙoran Baba duka a waje ba sai ranar. Ya daka min tsawa cikin murna, “Laraba, kira uwarki!”

Baba maharbi ne, ɗan maharbi, jikan maharbi, daga wani ƙauye a bayan duwatsun Filato. Tun kafin ya yi aure ya kashe ɓauna, ya kashe gwanki, kuma akwai tabo a cinyarsa inda mugun dawa ya taɓa yagarsa. Mama ce ta kawo mu Amurka da aikin jinya. Shi kuwa aikin da ya samu gadi ne a wani wurin ajiye motoci a cikin Washington, yana zaune a ɗan akurki yana ɗaga ƙarfen tare motoci yana saukewa. Mutumin da ya saba kwana a dawa! In ya dawo gida ba ya iya zama. Ya leƙa taga, ya fita baya, ya dawo, ya buɗe firij ya rufe bai ɗauki komai ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne bareyi sun cika unguwar, suna shigowa har bayan gidanmu su cinye wa Mama yakuwa da kuɓewar da muke ban ruwa kullum bayan makaranta, su tsaya suna kallonsa ido cikin ido, kuma ba halin ya taɓa su. Sai dai ya yi ƙwafa ya ce, “Raini dai, raini.”

Duk Asabar da safe akwai wani shirin farauta da yake kallo a talabijin, ba don yana so ba sai don ya yi faɗa. Wani Bature ne mai faffaɗar hula ke yawo ƙasa-ƙasa yana harbin manyan namun daji, ya durƙusa ya rungume ƙaho yana washe baki. Baba yakan miƙe tsaye yana nuna akwatin da yatsa. “To, naman fa? Wa ya ci? Ina mutanen garin?” Mu dai mu ƙunshe dariya muna cin gwate. Daga wannan faɗan ne Kawu Ishaya ya kawo shawara: akwai tashar talabijin ta al'umma a gundumarmu da ke ba kowa fili, me zai hana Baba ya yi nasa shirin, ya nuna musu yadda ake farauta ta mutunci? Baba ya zauna ya yi karatun lasisi kamar ɗan makaranta, ni nake yi masa tambayoyi a teburin cin abinci, har ya ci jarrabawa.

Ni na san abin ya wuce shiri. Wata rana muna dawowa daga sayen acca da daddawa a Wheaton, na yi lamo a kujerar baya, na ji Mama tana gaya wa wata ƙawarta cewa Baban Laraba ya ce shi ya gaji, in wannan farautar ba ta zaunar da shi ba, gida zai koma. Tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. A filin makaranta ana tsalle-tsalle da igiya, ni ina tunanin akwatin tafiyar da ke saman kabad ɗinsu. Saboda haka da na ga barewar nan a mota, na yi murnar da ta fi ta kowa. Na ce shi ke nan, Baba ya zauna.

A gareji aka rataye ta aka feɗe, Kawu Ishaya yana ɗaukar bidiyo, Baba yana bayani da Hausa yana haɗawa da ɗan Turancinsa, muryarsa ta buɗe kamar ba shi ba. Ya ware kason Kawu, ya ware na fasto, ya ware na gida. Sannan ya yanke ƙafar gaba ta dama, ya ɗora a babban farantin Mama, ya wanke hannu. Ya ce a garinsu wannan ƙafar ta wanda ya fi kowa tsufa ce a unguwar da maharbi yake zaune. Sai tsohon ya karɓa ya sa albarka kafin maharbi ya ɗanɗana naman, kafin kuma ya sake ɗaukar bindiga. Karɓar nan ita ce shaidar cewa gari ya yarda kai nasa ne. Mama ta dafe kai. Kowa ya san wadda ta fi tsufa a layinmu: Misis Doroti, wata Baturiya mai sanda da ke zaune ita kaɗai a gidan ƙarshe, wajen da daji ya gangara zuwa kogin Potomac. Mama ta ce, “Baban Laraba, don Allah ka kai wa dattijon coci mana.” Ya ce dattijon coci a Beltsville yake, shi kuwa ba a Beltsville yake kwana ba, kuma ba maharbi ke zaɓar babbansa ba.

Haka muka jera a titi, Baba a gaba da faranti, ya sa babbar rigarsa ta zuwa coci, ni a gefensa don in yi tafinta, Kawu a baya da kyamara. Maƙwabta suna ɗaga labule. Da tsohuwar ta buɗe ƙofa, Baba ya rusuna har ƙasa ya ce, “Mama, ga ƙafarki.” Na faɗa mata da Turanci, na ƙara da bayanin girmamawa ce. Ta dubi farantin, ta ga kofato, sai kawai ta toshe baki. Ashe ita ce ke zuba wa bareyin unguwa masara a bayan gidanta, har sunaye ta raɗa musu. Na rantse mata ba a unguwar aka harbo ta ba, can nesa ne inda hukuma ta yarda. Ina! Hawaye kawai take yi tana girgiza kai. Ba ta zage mu ba, ba ta kira 'yan sanda ba. Ta dai ce mu tafi da farantinmu, ta tura ƙofa a hankali. Baba yana durƙushe ya tambaye ni me ta ce. Na gaya masa. Ya daɗe bai tashi ba.

Mun ci naman, mu da rabin coci, amma Baba ko romo bai taɓa ba. Ƙafar ta shiga firiza ta zauna, bindiga ta shiga akwatinta. Na yi kuka, na yi magiya, na ce ai ita ba ta san al'adar ba, ba ƙinsa take yi ba. Ya shafa kaina ya ce ya sani, matar kirki ce, sai dai abin da ya je tambaya an ba shi amsa. Haushinsa na ji ƙwarai, Allah ya sani. Na ga kamar ya fifita ƙafar dabba a kanmu. Lokacin sanyin nan gaba ɗaya yawo ya yi ta yi daga ɗaki zuwa falo, kuma kafin dusar ƙanƙara ta gama narkewa an sauko da akwatin daga saman kabad. Ya ce watanni kaɗan zai yi.

Abin mamaki, wannan kaset ɗin na Kawu Ishaya da bai taɓa fita a nan ba, shi Baba ya nuna a wata tashar talabijin a gida, suka ba shi fili. Shekara da shekaru yana gabatar da shirin maharba. Ya zaga ƙauyuka, ya zauna da tsofaffin mafarauta, ya bi sawun ɓauna da masu gadin gandun daji, daga baya ma da namun suka yi ƙaranci ya koma yi wa matasa faɗa kan kashe mai ciki da ƙona daji. Ya yi suna, har a kasuwa ana nuna shi. Mu kuwa a faifai muka ƙarasa saninsa. Duk wanda zai zo daga gida sai ya riƙo mana, mu zauna a falo mu ga Baba yana dariya, ya yi ƙiba, ba ya leƙen taga. Bitrus yakan matsa jikin akwatin talabijin ya yi masa magana da Turanci. Baba yakan zo mana Kirsimeti wasu shekarun, amma kwana kaɗan sai ka ga ƙafarsa ta fara rawa.

Yanzu na girma, ina da nawa 'ya'yan, Mama kuma tana nan a gidan, ta yi ritaya. Layin ya sauya, tsofaffin sun mutu ko sun ƙaura, matasa sun saye gidajen, ba wanda ke ɗaga labule don ba wanda ya damu da wani. Kwanakin baya muna zaune a baranda muna lissafa maƙwabta, sai muka ga ashe yau duk layin babu wanda ya kai Mama shekaru. Na kira Baba a waya na gaya masa, na ce to ga babbar unguwa ta samu, kuma wannan ba za ta tura ƙofa ba. Ya yi dariya har da tari, Mama tana ji tana murmushi tana kallon titi. Sannan Baba ya ce, “Laraba, kafaɗata ba ta ɗaukar bindiga yanzu.” Unguwar ta zama tamu, amma ta makara.