Ki Ce ma Mai Jirgi Shi Zaka

Shekara talatin da biyar na yi a aikin ilimi, rabinsu a gaban allo a Argungu, rabinsu ina rangadin makarantu a matsayin sufeto, kafin na yi ritaya na zauna a gidana na Gesse a Birnin Kebbi. A duk tsawon wannan lokaci ba a san ni da komai ba kamar jan biro. Malamanmu na kwalejin horon malamai sun koya mana cewa Hausar baki daban, ta takarda daban, ni kuwa na riƙe wannan darasi hannu bibbiyu. Ɗalibin da ya rubuta mini "hwara" a insha'i maimakon "fara", ko "munka tahi" maimakon "muka tafi", ya san abin da zai tarar a gefen takardarsa. Ban ji kunyar wannan ba a lokacin, yau ma ba na ji.

Wannan suna da na yi ne ya kawo mini jikata, ɗiyar babbar 'yata, wata Talata da hantsi, rungume da takardu. Ta gama karatun kwamfuta, kuma ta shafe fiye da shekara tana haɗa wani ɗan wasa ita kaɗai, zanensa da labarinsa da maganganun mutanen ciki. Ta bayyana mini irinsa, domin ban san kowane iri ba. Babu gudu a cikinsa, babu harbi. Hoto ne yake fitowa, kana nuna abu da 'yar kibiya kana dannawa, sai budurwar da ke cikin labarin ta je wurin, ta ɗauki abin ko ta yi magana da mutumin. Mai kaifin basira zai gama shi cikin awa ɗaya da rabi. Ta ɗora shi a wani shafin intanet inda masu irin wannan sana'a suke ajiye nasu, mutane suka buga, suka rubuta ra'ayinsu a ƙasa, kowa yana ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar.

"Ango, aiki na kawo maka," in ji ta, "tunda fansho ya mayar da kai mai gadin kujera."

Na ce mata amaryar da ba ta zuwa da tuwo sai takarda, zamanta a gidan nan ba mai tsawo ba ne. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta gaya mini cewa da gangan ta rubuta maganganun yadda ake faɗarsu a nan ƙasar Kabi, sai wasu daga cikin masu wasan suka ce Hausar cike take da kurakurai, kuma akwai wuri guda da mutane da yawa suka maƙale saboda wata kalma. Wannan ya karya mata gwiwa. Ta yanke shawara ranar Asabar za ta cire tsohon rubutun ta sa gyararre. Abin da na gyara shi za ta sa, abin da na bari shi zai zauna, ba za ta yi gardama da ni a kan ko harafi ɗaya ba.

Na karɓi aikin da murnar da ban nuna mata ba. Shekaru ke nan ba wanda ya miƙo mini takarda don in duba. Maganganun an jera su ne layi bayan layi, ba sunan mai faɗa, ba bayanin inda ake faɗa. Na yi safiya biyu a kansu. Inda na ga "zamna" na mayar "zauna", inda na ga "mi kika so" na mayar "me kike so", inda na ga "zaka" na ja layi biyu na rubuta "zo" a samansa, kamar yadda na saba yi wa 'yan aji shida. Da na gama, shafukan sun yi jajir, raina kuma ya yi fari.

Ranar Alhamis ta dawo da kwamfutarta. Kafin in miƙa mata takardun na ce a nuna mini ƙorafin da idona, domin a zamanin rangadi ban taɓa rubuta rahoto a kan malami da faɗar hedimasta kawai ba. Ta buɗe shafin, na sa tabarau, na karanta ra'ayoyin tun daga farko har ƙarshe.

Abin da na fara lura da shi shi ne masu yabo sun fi masu suka yawa nesa, jikata ce dai ba ta ganin kowa sai masu sukar. Wata da ta ce ma'aikaciyar jinya ce ta rubuta cewa da ta iso bakin gulbi a cikin wasan ta daina danna komai, ta zauna tana kallon yadda ruwan yake motsi a ƙarƙashin jirgi har lokacin hutunta ya ƙare. Wani ya ba da taurari biyar, ya ce dukkansu na akuyar nan ne da ke cinye duk abin da ka ajiye a ƙasa, sau uku tana cinye masa igiya. Wani manomi daga Zauro ya ce wadda ta zana fangalin albasa ta shiga fadama da ƙafarta, ba a hoto ta gani ba, sai dai ya tuna mata cewa ba a cire albasa a watan da gulbi yake cike haka. Na yarda da shi. Mutum huɗu ko biyar kuma kukansu ɗaya, wasan ya ƙare daidai lokacin da suka fara jin daɗinsa.

Sannan na zo kan wanda ya hana jikata sukuni. Wani bawan Allah ne daga gabas, ya ba da taurari biyu, ya jera kurakuran da ya gani da lamba, ɗaya, biyu, uku, cikin Hausa mai tsabta wadda ban sami inda zan sa biro a cikinta ba. Da a hannuna ya yi karatu da na tura shi aikin malanta. Ya ce wata tsohuwa a cikin wasan ta aiki budurwar wurin mai jirgi da maganar "zaka", shi kuwa ya ɗauka zakka ake nufi aka manta harafi. Kwana biyu yana kai wa mai jirgin shinkafa, yana kai masa damin gero, mai jirgin yana mayar masa yana cewa, "Wa yac ce miki roƙo nika yi?" Daga ƙarshe ya haƙura ya rufe. Wasu uku a ƙasansa suka ce su ma haka ta faru da su.

A ƙarƙashinsu akwai wani ɗan kasuwa da ya ce shi mutumin kudu ne, ya yi shekara talatin yana sayar da kayan lantarki a Birnin Kebbi. Rubutunsa ba waƙafi ba aya, amma na karanta shi sau biyu. Ya ce wannan ita ce Hausar da ya koya, da ita yake ciniki, da ita 'ya'yansa suke faɗa da juna a gida. Ya ce ranar da ya je sayen kaya wani gari aka ji maganarsa aka kira shi Bakabe, bai taɓa jin daɗin suna kamar wannan ba. Ya roƙi mai wasan kada ta taɓa komai.

Na cire tabarau na ce mata saura abu ɗaya, sai na ga ajin da kaina. Ta jawo tebur, ta ɗora hannuna a kan abin nan da suke kira linzami, ta ce kada in danna shi kamar ina buga hatimi.

Wasan ya buɗe a tsakar wani gida na ƙauye. Wata tsohuwa tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, da mafici a hannunta. Tana son ƙetare gulbi ta ga jaririn da aka haifa a gidan ƙanwarta, amma ƙafafunta ba za su kai ta babban mashigi ba, inda jirgi yake tsayawa. Ta dubi budurwar ta ce, "Tahi ki ce ma mai jirgi shi zaka."

Na fita da budurwar ta cikin fadama. Zanen ba mai ƙawa ba ne, amma komai yana inda ya kamata, har homar masunta da aka shanya a kan gora. Akuyar ta cinye mini igiya sau ɗaya, jikata ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na yi kamar ban gani ba. Da na iso wurin mai jirgin na danna shi, na nuna masa ƙaramin mashigin da ke bayan gidan tsohuwar. Ya kwance jirginsa ya nufi can.

"Ango," in ji ta, "nan ne fa mutane sunka kwana biyu. Kalmar da ka ja wa layi biyu a shafi na huɗu ce, ko tsayawa ba ka yi ba."

Na mayar da budurwar gida don ta kai labari. Tana shiga tsohuwar ta ajiye mafici, ta turo mata kwanon sha, rubutu ya fito a ƙasa: "Kin zaka? Zamna ki sha ruwa tukun, labari shi jira."

Na janye hannuna daga linzamin. Marigayiya mai ɗakina mutuniyar garin Gulma ce, shekara arba'in da ɗoriya muka yi tare. Duk ranar da na dawo daga rangadi a kan babur, rana ta gasa ni, bakina cike da labarin malamin da bai shirya darasi ba, abin da take tarbata da shi ke nan: "Malam, ka zaka? Zamna ka sha ruwa tukun." A farkon aurenmu nakan ce mata "ka zo" ake cewa. Takan ce, "To, ka zo ɗin, zamna." Daga baya na daina, ita kuma ba ta taɓa canzawa ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Na buɗe takardun na nemo wannan layi. Na mayar da shi "Kin zo? Zauna ki sha ruwa tukuna." Babu kuskure a cikinsa, kuma ban san mutum ɗaya da ya taɓa faɗa mini shi ba. Safiya biyu na yi ina bin maganar matata da jan biro ban gane ta ba, domin idon mai duba takarda kalma yake gani, ba ya tambayar wanda ya faɗe ta.

Na tambayi jikata me ya hana ta gaya mini. Ta ce a ɗakin kakarta ta tashi, duk abin da tsohuwar wasan take faɗa daga can ta kwaso shi. Da ta gaya mini, in ji ta, da na bar rubutun don tausayi, ita kuwa hukuncin sufeto take so, ba na miji ba.

Na ce to ga hukuncin sufeto. Mutumin gabas yana da gaskiya a kan abu ɗaya, an zalunce shi, amma ba kalmar ce ta zalunce shi ba, tsarin darasin ne. Ƙa'idarmu ce tun a kwaleji cewa ba a haɗa ɗalibi da sabuwar kalma a karon farko a ɗakin jarrabawa. Na ba ta shawara ta sa budurwar a bakin ƙofa tun a farkon wasan, tsohuwar ta kira ta daga tabarma ta ce, "Ke, zaka nan," kuma kada komai ya motsa sai mai wasan ya danna tabarmar. Wanda ya taka ya je sau ɗaya ba zai ƙara kai wa mai jirgi gero ba. Sauran maganganun kuwa ta bar su yadda suke.

Ta miƙo hannu ta karɓi takardun za ta naɗe. Na riƙe su. Na nuna mata cewa a cikin jan nan akwai wurare tara da babu karin harshen da zai wanke ta: ƙafa da ta rubuta ba lanƙwasa, kalmomin da ta haɗe alhali a rabe suke, da ayar tambaya biyu da ta manta. Waɗannan, na ce, ko kakarta, da a ce ta iya boko, ba za ta yafe su ba.

Ranar Asabar ta sa gyare-gyaren tara da kiran tabarmar. Bayan 'yan kwanaki mutumin gabas ya dawo ya gama wasan, ya ƙara tauraro ɗaya, ya yaba ƙarshen labarin, ya kuma maimaita cewa har yanzu yana ganin abin da za a rubuta a rubuta shi da daidaitacciyar Hausa. Na girmama shi da wannan.

Ni ma na rubuta nawa ra'ayin. Na fara da sallama da gaisuwa ga masu karatu kamar yadda ya dace, wurin rubutun ya cika tun ban iso kan magana ba, dole jikata ta datse shi. Na ba da taurari huɗu, domin ban taɓa ba ɗalibi cikakken maki ba, kuma na yarda da masu cewa wasan ya yi gajarta. Ta ce wannan rowa ta isa raba aure, na ce ta je ta ƙaro labarin mu sasanta.

Ta bar mini tsohuwar kwamfutarta a kan teburin falo. Wasu ranaku da hantsi, bayan na gama lazimi, nakan buɗe ta. Yanzu na san hanya, akuyar ma ba ta ƙara samun igiyata ba. Nakan kai wa mai jirgi saƙo, in komo gida, a turo mini kwanon sha a ce in zamna.