Geron da Kawu ya noma a cikin jirgin ruwa

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu Isufu, kuma kafin in ce komai a kansa gara in faɗi laifina da bakina, tunda duk Tsarnawa ta riga ta ji: bara na gasa gadonsa na cinye. Mu huɗu ne muka yi aikin, amma ni na kawo ashana, ni na nuna hanya, ni kuma na ci rabo mafi tsoka.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A garinmu ba mai kiransa da sunansa, Na-Jirgi ake ce masa. An haife shi inda ruwa mafi girma shi ne tabkin da shanu ke shanyewa kafin rani ya raba, amma ya tafi cin rani Legas, ya fara dako a tashar jiragen ruwa, wata rana ya bi kayan har ciki bai fito ba. Ya yi shekaru yana goge tsatsa, yana shafa fenti, yana jan igiya. Duk lokacin da ya zo ganin gida, mahaifiyarsa, Kaka Hajo, sai ta ɗaure masa tiya biyu na gero a tsumma, wai don kada abincin Turawa ya sa ya manta da kunu.

A tafiyarsa ta ƙarshe sun kai kaya wani kogi kusa da Basra. Suna jiran a sauke, yaƙi ya tashi tsakanin Iraki da Iran, hanyar fita ta toshe. Aka kwashe yawancin ma'aikata ta mota, aka bar mutum bakwai su kula da jirgin, har da Kawu. An ce musu sati biyu ne. Sai da ya yi azumi biyu a wurin.

Ina ɗan shekara shida ya dawo, ina sha biyu ya rasu, saboda haka shekara shida na samu ina zaune gefen tabarmarsa da la'asar. Shi ba ya ƙara gishiri a labari. Ni nake ƙarawa, in na isa lakwal, wato makarantar boko. A bakina jirgin ya kai daga Tsarnawa zuwa Konni, mai tuƙi sai ya hau jaki yake zuwa wurin mai dafa abinci. A bakin Kawu kuwa jirgi ne mai tsatsa, kuma abin da ya fi tunawa shi ne shirun wurin. Dabino a wannan gaɓa, dabino a waccan, jirage a jere ba mai motsi, kamar raƙuma sun durƙusa suna jiran ubangidansu da ya shiga kasuwa ya manta da su. Ƙarar bindigogi, in ji shi, in ta yi nisa sai ka ce mata ne ke daka a wani ƙauye. In ta matso, kowa ya sauka ƙasa wurin inji ya zauna ya yi ta kallon ƙafafunsa.

Ruwan kogin yakan cika ya janye, sai jirgin ya juya hancinsa a hankali yana nan inda yake. Kawu ya ce abin da ya fi ba shi wahala ke nan, domin inda ya fuskanta da azahar ba nan ne alƙibla ba da la'asar. Kullum sai ya sake nema. Har ya rasu, kafin ya tada salla a tsakar gidanmu sai ya ɗan tsaya ya dubi rana, kamar yana zargin gidan ya juya da shi bai sani ba.

Shugaban jirgin, wani tsohon Bagirike, bai yarda a zauna ba. Jirgin da ba ya zuwa ko'ina, amma a buga ƙararrawa a kan lokaci, a yi gadi bi da bi, a shafa fenti a inda aka shafa jiya. Kawu ya ce da farko ya ɗauka tsohon ya taɓu. Daga baya ya gane wanda duk ya daina aikin nan, shi ne kan fara magana shi kaɗai.

Geron Kaka ya yi ta raguwa har ya saura tafin hannu ɗaya. Kawu ya ɗora ruwa zai dama kunun ƙarshe, ya tsaya yana kallon ƙwayoyin, ya sauke tukunyar. Ya yanka duro gida biyu. Ƙasa kuwa babu ita a jirgi, sai dai duk sati sukan ja sarƙar ƙugiyar da ke riƙe jirgin don a wanke ta, tana fitowa da laka. Ya riƙa kankare lakar nan yana shanyawa, ya haɗa da toka da ganyen shayin da aka zubar da kashin tsuntsaye. Ruwan sha awonsa ake yi, don haka ruwan alwalarsa yake tarewa ya zuba. Da tsiro ya fito, wani Ba'indiye mai aikin inji ya zo ya durƙusa ya daɗe, ya ce a ƙauyensu ma wannan suke nomawa. Daga ranar shi ma ya riƙa rage kofinsa. Kafin wata ya cika, mutum bakwai suna shayar da rabin duro, kuma Bagiriken ya rubuta gadin gero a cikin jerin aikin yini, saboda tsuntsaye. Mutanen wasu jiragen sukan zo a ƙaramin kwalekwale don kawai su taɓa ganyen.

A lakwal na ce geron ya yi tsawon da jiragen sama ke kauce masa. Gaskiyar ita ce zangarniya biyar ya yi. Ba wanda ya ci ko ƙwaya. Suka sake shukawa, suka sake girbewa, da aka zo fitar da su kowa ya ɗauki rabonsa. Kawu ya iso Tsarnawa da akwatin ƙarfe da zangarniya biyu a cikin safa.

Ya shuka su bayan ɗakin Kaka, a wani fili da bai fi tabarma huɗu ba. Duk gidan "jirgi" muke ce wa filin: je ka kore awaki daga jirgi, an yi wa jirgi noma? Ya rataye guntun ƙarfe a reshen dogon yaro yana bugawa in tsuntsaye sun sauka. Wani malamin gona ya taɓa zuwa ya duba, ya ce ai wannan geronmu ne na kullum, ba shi da wani bambanci. Kawu ya ce haka ne, sai dai ya je ya dawo.

Bayan rasuwarsa Kaka ta karɓi aikin. Ita ke shukawa, ita ke zaɓen iri, ita ke sussuke shi a ƙaramin turmi bayan rumbu, ba ta yarda a haɗa shi da hatsin gona.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Shekara biyu da suka wuce rediyo ta sake cika da sunan Basra, wani sabon yaƙi, tsofaffi a bakin masallaci suna gardamar ko gabas da Makka take ko yamma, wanda zai raba musu gardama yana kwance a maƙabarta. Ina jin da ba zai ce komai ba, sai dai ya tambaya ko an fitar da masu gadi. A Konni yanzu akwai ɗakin bidiyo, can na fara ganin teku, shuɗi, yana tashi yana faɗuwa, na dawo gida ina tafiya kamar ƙasa na lilo. Samarinmu sun hau baburan kabu-kabu, ba mai iya zama minti biyar wuri ɗaya, ni ne kuma shugabansu. Mutumin da ya yi azumi biyu a kan ƙarfen da ba ya tafiya, ban san da wane ido zai dube mu ba. Wani lokaci da la'asar, in iska ta kaɗa gonaki daga nan har hanyar Dogarawa, nakan ga kamar garin ne ke shawagi a kan koren ruwa, Kawu na tsaye a bakinsa yana neman alƙibla.

To, ga yadda na yi ɓarnar. Bara ruwan farko ya yaudare mu. Kaka ta shuka, ruwa ya ɗauke, tsiron ya ƙone. Da ruwa ya dawo ta juye sauran irin duka, ba ta rage ko ƙwaya ba. Ni ban san haka ba, ko kuma an faɗa ina wasa. Geron ya yi kyau, ya fitar da kai tara. Ranar wata Laraba Kaka ta tafi suna, ni da abokaina uku muka dawo daga ƙwallo, na dubi kawunan nan sun yi ruwa, daidai tumu. Na ce mu gasa ɗaya mu ji ko yana da ɗanɗanon teku. Ba shi da shi. Muka gasa na biyu don mu tabbatar. Ban san yadda aka yi muka kai tara ba.

Kaka ta dawo ta tsaya a bakin filin, karare tsaye ba kai.

"Maigida," haka take kirana don tsokana, "mi ya samu jirgi?"

"Tsuntsaye, Kaka."

"Tsuntsaye."

"Manya-manya. Ban taɓa ganin irinsu ba. Ta wajen Illela suka taso."

Ta sa yatsa ta shafi gefen bakina, ta duba baƙin. "Tsuntsayen Illela da ashana suke yawo yanzu?"

Na jira sanda. Wallahi da ta ɗauko da na ji daɗi. Sai ta zauna a kan turmi, ta gyara zanenta.

"Shekarar yunwa, uwarka na goyon ƙanwarka, kwana biyu ba mu ɗora tukunya ba. Irin wanga gero na rataye bisa kaina, ina ganinsa, kawunka na ganinsa. Ya tashi da ƙafa ya tafi Malbaza dako, ya dawo da garin rogo. Kai mi ka ci da rana?"

"Tuwo."

"Ka ƙoshi?"

"Na ƙoshi."

"To."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana uku ba ta ce mini maigida ba, sunana na yanka take kira, abin da tunda aka haife ni ban taɓa ji a bakinta ba.

Na buɗe akwatin Kawu, na sami tsohuwar safar da 'yan ƙwayoyi makale a ciki, na jiƙa su a tsumma ina dubawa safe da yamma. Ruɓewa suka yi. Na yi tunanin in tsinko kai tara a gonarmu in ce na tsince su, na tuna matar da ta gane tsuntsayen Illela.

Rana ta huɗu na rasa abin da zan yi in wanke kaina, sai na tuna tun farkon damina Kaka take cewa in nome ciyawar bayan rumbu. Sau uku ta faɗa, sau uku na ce gobe. Na ɗauki hauya na shiga da ƙarfi, sara ɗaya na kwantar da wani kara. Na ɗaga zan ƙara, na ji muryarta a bayana.

"Tsaya. Aje hauyar nan. A hankali, don ubanka."

Gyauro ne, ƙwayoyin da suka faɗi daga turminta a sussukar da ta wuce suka tsira da kansu a cikin ciyawa. A wurin nan ba a taɓa sussuke wani hatsi ba sai na jirgi. Kara biyu ne. Ɗaya na riga na sare. Ɗayan siriri, ya sha inuwa, bai ma fitar da kai ba.

Kaka ta dube shi, ta dube ni. "Cinka ya kashe shi, ƙyuyarka ta raya shi. Ni ban san wanne zan roƙa Allah ya raba ka da shi ba, maigida."

Na tara abokan cin tumu na raba mana gadi yadda Bagiriken ya yi: wannan daga safe zuwa hantsi, wannan zuwa azahar, ni daga tashi lakwal har faɗuwar rana. Wanda ya karɓa sai ya buga ƙarfen Kawu. Muka kewaye karan da ƙaya saboda awaki, da kan ya fito Kaka ta ɗinka masa 'yar jaka da tsohon gidan sauro. Kusan wata biyu na yi ina zaune gaban kara ɗaya. Ban taɓa zama haka ba. A nan na fara jin yadda yini yake da tsawo in ba inda za ka, na kuma daina ba da labarin jakin da ke yawo cikin jirgi.

Labaran Kawu na lalata rabinsu da ƙari, har ni kaina wani lokaci ban san wanne ya faɗa wanne na ƙirƙira ba. Akwatinsa tsatsa ta huda shi. Mutanen nan shida da suka rage kofinsu ban san sunan ko ɗaya ba, ban san ko nasu rabon ya tsira a ƙasashensu ba. Abin da ya rage nasa wanda hannu zai taɓa, shi ne abin da ke cikin jakar gidan sauron nan.

Zangarniyar ta nuna, tsawonta bai wuce tafin hannuna ba. Bana Kaka ta shuka rami goma sha ɗaya da ita, bakwai sun tsira. Sauran irin ta ƙulle shi a tsumma ta ɓoye, kuma duk gidan ni kaɗai ne ba a gaya wa inda yake ba.